Cefanen Da Na Hana Ki Koya

Wunti, Bauchi
Laraba, bayan la'asar

Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, duk da cewa bango ɗaya ne tsakaninmu, har ina jin zif ɗin akwatinki da kike ta buɗewa kina rufewa. Na roƙi mamanki ta cusa wannan takarda a ƙarƙashin kayanki, kada ki gan ta sai kin sauka Turkiyya. To in kina karantawa, Allah Ya kai ki ke nan, alhamdu lillahi. Allah Ya sa kin sauka lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya tsare ki daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani.

Na kasa zama wuri ɗaya. Tun da aka idar da azahar nake tashi daga tabarma zuwa kujera, daga kujera zuwa zaure, in leƙa titi in dawo. Mamanki ta gaji da ni, ta ce, “Malam, in magana ce ta tokare maka wuya, ga yarinyar can, je ka faɗa mata mana.” Na ce ta ƙyale ni. Kin san halina, in abu ya dame ni sai in fara da nasiha in ƙare da faɗa. Shi ya sa na ɗauko biro, shi ba ya ɗaga murya.

Ba zan yi miki maganar karatu ba, kin fi ni saninsa. Ba zan yi maganar salla ba, mamanki ta gama wannan aikin tun kina ƙarama. Abin da ya hana ni sukuni shi ne cikinki. Jibi za ki tashi, shekara biyu za ki yi a ƙasar da ba ki san kowa ba, kuma ba ki iya sayen abin da za ki ci ba. Kin iya girki, wannan ba gardama, miyar taushenki ta fi ta mamanki, kada ki gaya mata na faɗa. Amma abin da aka kawo aka ajiye a gabanki kika iya dafawa. Laifin kuwa ba na kowa ba ne, nawa ne.

Shekara talatin da ɗaya ina cefanen gidan nan da hannuna. Ko zazzaɓi ya kwantar da ni sai na lallaɓa na je. Tun ina aikin ruwa a Gubi, kafin in hau babur sai na biya kasuwar Wunti na sauke kayan miya a tsakar gida. Haka na ga mahaifina yana yi, na kuma ɗauke shi abin alfahari. A majalisarmu ta bakin shagon tela har bugun ƙirji nake yi, wai ba wanda ya taɓa ganin ƙafar iyalina a layin 'yan tumatir. Su ce, “Sai Malam Sule!” ni kuwa kaina ya ƙara kumbura.

Ko kin tuna? Kina aji uku na firamare, wata Asabar, kika saka ɗan hijabinki kika riga ni zuwa zaure, kika ce, “Baba, yau zan bi ka in ga inda ake samo albasa.” Na ce kasuwa ba wurin yarinya ba ce, koma ciki. Kika koma, ba ki kuma sake tambaya ba. Na bar ki kin yi jami'a, kin hau bas kin hau keke ke kaɗai, kin tsaya gaban manyan malamai kin kare aikinki, amma kasuwar da ke bayan gidanmu na hana ki. A tunanina gata nake yi miki. Sai da takardar tafiyarki ta fito na zauna na tambayi kaina: to a can wa zai kawo ya sauke mata a tsakar gida? Wallahi gabana sai da ya faɗi.

Shi ne ranar Litinin na ce ki shirya mu je. Na yi miki alkawari ido kawai zan sa, ke za ki saya. Kin ga yadda na cika alkawarin. Muna isa wurin Buba mai tumatir kika miƙa hannu ga kashin da ya fi sheƙi, ni kuwa tun daga nesa na ga an ɗora masu kyau a sama an ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa. Ban san lokacin da na bige miki hannu ba. A gaban Buba, a gaban mutane, mace mai shekara ashirin da shida. Daga nan na karɓe ciniki, na taya, na nemi gyara, na zaɓi attaruhu, na zaɓi alayyahu, ke kuwa kina baya riƙe da leda. Da muka fito kika ce, a hankali, ba tare da kin dube ni ba, “Baba, da can ka hana ni zuwa, yau kuma ka kawo ni ka hana ni saye.” Sai na ɓige da yi wa mai keke faɗa don ya kusa taka ni. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma abin yana ci na.

Ki yafe mini wannan. Shawarata ta farko kuwa daga nan ta fito: ki shiga kasuwar mutanen nan a makonki na farko, da ƙafarki, da hannunki. An ce mini kasuwar unguwa suke da ita, mako-mako take ci kamar ta ƙauyukanmu. Ki tambayi ranarta tun kafin ki tambayi inda ɗakin karatu yake. Za a cuce ki, babu makawa. Za ki sayo ruɓaɓɓe, za ki sayo abin da ba ki san yadda ake dafa shi ba. To sai me? Ni ma haka na fara, sai dai ni ba wanda ya tsaya a kaina yana bige mini hannu.

Yanzu bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya muku dalla-dalla ba. Kun san na je Indiya kwas na wata tara, shekarar da aka haifi yayanki. Kun san hoton da ke falo, ina tsaye gaban wata madatsar ruwa na sha kwat. Ba ku san cewa kwat ɗin nan da allura aka tsuke ta ta baya kafin a ɗauki hoton ba, don ta yi mini yawa.

Mu biyu aka tura daga wurin aiki, ni da Bulus, mutumin Bogoro. Kin san shi ai, shi ne mai kawo mana doya duk Kirsimeti. Kafin mu tashi na sa mamanki ta haɗa mini buhu guda: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin masara, har da kanwa. Bulus ya dubi buhun a filin jirgi ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, “Malam Sule, can ɗin ba mutane ne a ciki ba? Su ba su cin abinci?” Na ce masa ni ban san me suke ci ba, kuma ba na son in sani.

Aka sauke mu a masaukin ɗalibai a wani gari can kudu. Ranar farko na leƙa ɗakin cin abinci, ƙamshin kayan yajinsu ya doki hancina, na ga abubuwa a kwanuka waɗanda ban san kansu ba, na juya. Na sayi ɗan risho a kantin ƙofar makaranta na shige ɗaki na rufe. Kullum tuwon masara miyar kuka, ba nama, ba mai na kirki. Bulus kuwa kwana uku da zuwanmu ya gano kasuwa. Sai ya dawo da jaka cike, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce, “Taso mu je gobe, akwai kaya fa.” In ce masa na gode. A raina ina cewa shi ai komai ya samu ci zai yi, ni kuwa ina da abin kiyayewa. Na saka wa abin rigar addini, Ummi, amma ba addini ba ne. Tsoro ne da girman kai. Ni da ake sara wa a kasuwar Wunti, ina tsoron in je in tsaya gaban mai kaya in kasa ko tambayar kuɗin abu, a yi mini dariya.

Wata biyu garin ya ƙare. Na koma shinkafa da kuka. Kuka ta fara ja baya, na koma auna ta da ƙaramin cokali, yau a sa, gobe a huta. Daga nan sai shayi da burodi, safe da rana da yamma. Na huda bel ɗina da ƙusa sau biyu. In na tashi tsaye sai in ga duhu-duhu. Wata rana an fita da mu aikin gani da ido a bakin wata hanyar ruwa, rana ta take, malami na bayani, kawai na ji ƙasa ta taso ta same ni. Na farka na ga Bulus yana yi mini fifita da littafinsa yana zagina da yarensu. Likitan makaranta ya duba ni ya ce yunwa ce ta fara cin cikina. Olsar nan da kika taso kika same ni da ita, wadda ta hana ni yaji, ta sa mamanki ke raba mini tukunya, to daga can na kwaso ta. Ba gado ba ce kamar yadda nake ce muku.

Da na ɗan warware Bulus bai nemi shawarata ba. Ya shigo ya ɗauki takalmana ya ajiye a gabana, ya ce, “Sa. In ka mutu a nan, ni me zan faɗa wa matarka?” Na sa. Tafiyar ba ta kai daga gidanmu zuwa masallacin Juma'a ba. Muka ratsa wani lungu muka ɓullo cikin kasuwa, hayaniya, ƙamshi, shanu na yawo abinsu. Ina tafe ina ɗaure fuska, sai idona ya sauka kan wata tsohuwa zaune a ƙasa da tulin ganye a gabanta. Na tsaya. Na sunkuya na tsinki ɗaya na sa a baki. Yakuwa! Wallahi yakuwa, mai tsamin nan, irin wadda ke fitowa a bayan ɗakin kakarki. Na ɗaga kai, ga kuɓewa ɗanya. Gaba kaɗan ga tsamiya an tula. Ga gero a buhu, ga dawa, ga zogale, ga gyaɗa, ga kabewa. Wata biyar ina kulle a ɗaki, har da auna kuka da cokali, ina kashe kaina, ashe rabin kasuwar Wunti na bayan katangar makaranta. Na tsaya a tsakiyar hanya hawaye na zubo mini, mai amalanke na yi mini tsawa in kauce. Bulus ya ce, “To Malam, ka gani? Mutane ne.”

Na ga mamanki tun jiya tana ƙulla miki kuka da daddawa da yaji. Ban hana ba, ki tafi da su, ranar da kewar gida ta taso za su yi miki rana. Amma ki ɗauke su abin marmari, kada su zama abincinki. In kika ga kin fara auna kuka da cokali, ki san kin kama hanyar ubanki, ki tashi ki sa takalmi. Ban san me ke kasuwar Turkiyya ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da na sani shi ne duk inda mutane suke suna dafa wani abu da yamma, kuma in kin duba da kyau za ki ga danginsa a tukunyarmu. Wanda ba ki sani ba ki tambaya yadda ake yi da shi. In kuma Allah Ya ba ki abokiyar zama irin Bulus, wadda ta riga ki gano hanya, kada ki tsaya duba daga ina ta fito ko ina take fuskanta in za ta yi addu'a. Ki bi ta.

Kada ki ɗauka daga ranar na yi hankali. Ina! Da na ga kayan gida sai na ɗauka gida na zo. Mako na gaba na koma ni kaɗai, na tsaya gaban tsohuwar nan da tsohon halina. Na ɗebi kuɓewarta ina karya bakin kowace don in ji ko ta tsufa, yadda nake yi a nan. Na karya ta kai goma. Ta faɗi kuɗi da yatsu, na raba biyu, ta girgiza kai, na juya na fara tafiya a hankali ina jiran ta kira ni, kamar yadda Buba ke yi. Ba ta kira ba. Na dawo da kaina, na biya yadda ta ce, ta auna a sikeli ta zuba mini. Sai na tsaya na miƙa jaka ina jiran gyara. Ta dube ni, na dube ta. Da na ga ba ta gane ba sai na kai hannu na ɗebi 'yan ƙwaya na ƙara da kaina. Kai! Tsohuwa ta miƙe tsaye. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san ba addu'a take yi mini ba. Mutane suka taru. Wani mai shago da ke jin Turanci ya zo ya tambaye ni dalilin da zan ɗauki abin da ban biya ba. Ni Sule, ɗan liman, ana yi mini kallon ɓarawon kuɓewa! Na yi ta bayani cewa a garinmu haka ake yi, in ka saya ana ƙara maka. Ya ce, “Nan garinku ne?”

Don haka ranar farko kada ki yi gaggawar saye. Ki zaga tukuna. Ki sami wata dattijuwa mai jaka, irin wadda ganinta kawai ya isa ki san ta shekara arba'in tana ciyar da gida, ki bi bayanta daga nesa. Ki ga ko tana taɓa kaya ko nuni take yi a ɗauko mata. Ki ga ko ana tayawa, in ana yi kuma da wace irin fuska. Ki ga ko layi ake bi. Inda ta tsaya ta saya, nan ne wurin kirki, inda ta wuce tana taɓe baki ke ma ki wuce. Gyara kuwa, in an ba ki ki gode, in ba a ba ki ba kada ki nema, balle ki kai hannu. Ki koyi gaisuwarsu da “nawa ne” da “na gode” tun a jirgi. Za su yi dariyar yadda kike faɗa, ki taya su dariyar. Nama kuma, an ce ƙasar Musulmi ce, madalla, amma duk inda zuciyarki ba ta kwanta ba ki buɗe baki ki tambaya. Ni kunyar tambaya ta sa na yi wata biyar ban ci nama ba, alhali mahauta Musulmi na layi na uku, da hulunansu da gemunsu.

Kwana biyu na ɗauka ina jin kunya, sannan na koma wurin tsohuwar. Na sa mai shagon nan ya ba ta haƙuri a madadina. Ta yi ta faɗa har ta gaji, sannan ta nuna mini ƙasa, wai in tsuguna. Ta ɗauki kuɓewa ta nuna mini yadda ake gane ɗanya ba tare da an karya ba, da ɗan matsi kawai tsakanin yatsu. Tun daga ranar ban sake sayen ganye wurin kowa ba. Duk Juma'a in na fito masallaci sai na biya. Ta gane yakuwa nake so, sai ta riƙa ware mini mai kyau ta rufe da tsumma a gefe. In na yi latti ta harare ni ta nuna rana. Wani mako mura ta hana ni zuwa, Bulus ya je, ta tsare shi da tambaya da hannu: ina dogon? Ta ba shi citta da wani ganye ta ce a dafa mini. Wata rana kuma, ba tare da na nema ba, bayan ta auna ta ɗebi kuɓewa cikin tafi ta ƙara mini, tana dariya da bakinta ba haƙora. A ƙasar nan kaf, bayan Bulus, ita kaɗai ce za ta lura in na ɓace.

Kin san abin da na yi mata? Makon da za mu dawo na shagala da sayen tsaraba, yadi da turare da awarwaro, ina ta zaga manyan kantuna. Na ce gobe zan je in yi mata sallama, gobe ta zo na ce jibi. Har muka hau jirgi ban je ba. Ko sunanta ban sani ba, Ummi. Wata huɗu tana ciyar da ni ban taɓa tambaya ba. Na tabbata Juma'ar nan ta ware yakuwa ta rufe da tsumma. Yau shekara nawa, amma in na tuna sai in ji kamar in nutse, kuma ba yadda zan gyara.

Ke kada ki yi haka. Ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu ki riƙe, ko da na kusa da su ya fi araha da kaɗan. Ki san sunansu, su san naki. Ki tambayi lafiyar 'ya'yansu. A ƙasar da ba ki da dangi, mai sayar miki da albasa shi ne zai fara cewa yau ban ga yarinyar nan ba. Ranar da za ki taho kuma ki je ki yi sallama tun kafin ki ɗaure kaya.

Saura ɗaya, kuma ita ce ta fi yi mini nauyi. Duk watannin nan da nake shan shayi da burodi, wasiƙa nake rubuto wa mamanki ina cewa ina cikin daula. Shinkafa da kaza, madara har ta gundure ni, na yi ƙiba wandona ya matse. Tana fama da jariri, na ce kada in tayar mata da hankali. Ko faɗuwar da na yi ban gaya mata ba, na kuma roƙi Bulus ya rufa mini asiri. Ranar da muka sauka a tasha, duk da na ɗan murmure, ta wuce ni tana neman mijinta. Da na kira sunanta ta juyo, ta dube ni sama da ƙasa. Sai da muka isa gida ta zuba mini abinci, na kai loma biyu cikina ya murɗa na ajiye, sannan ta ce, “Da ka gaya mini gaskiya, da ko addu'ar da ta dace na yi maka. Ni ina nan ina gode wa Allah kana cin kaza.” Kwana uku ba ta yi mini magana ba. Har yau in na ce mata lafiyata ƙalau sai ta ce, “Irin ta Indiya?”

Na san ki, halina kika ɗauko kaf. Za ki kira mu a waya ki gyara ɗankwali ki yi murmushi ki ce komai lafiya. To ni ba zan tambaye ki karatu ba. Zan tambaye ki me kika ci, kuma ba zan yarda ba sai kin juya wayar na ga cikin tukunya. In shayi kika sha ki ce shayi na sha. In kin je kasuwa kin kasa, kin dawo kin yi kuka, ki faɗa. Na yi alkawari ba zan yi faɗa ba. Na san alkawarina na Litinin bai bar mini mutunci a wurinki ba, amma ki sake gwada ni.

Tunda kuwa na nemi gaskiya a wurinki, dole in biya ki da irinta.

Yau da hantsi na dawo daga gaisuwar mara lafiya, na ɗauki hula zan fita cefane, mamanki ta ce, “Zauna, an riga ka. Ummi ta tafi.” Na ce ita da wa? Ta ce ita da ƙafarta. Sau uku ina sa takalmi ina cirewa. Mamanki ta zauna a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu ta ce in na fita sai dai in tsallake ta. Na ga shigowarki ta taga, gumi ya jiƙa hijabi, leda a hannu biyu, fuskarki a ɗaure kamar wadda ta dawo daga jarrabawa. Kika shige kicin ba ki nuna wa kowa abin da kika sayo ba. Da azahar kika ajiye mini shinkafa da miyar karfasa, ba yaji, yadda cikina ke so. Kika tsaya daga bakin ƙofa kika ce, “Baba, ya?” Na ce, “Ya yi.”

To ga gaskiyar. Tumatirinki ya yi, albasa ta yi, ko ni iyakar abin da zan zaɓo ke nan. Kifin ne ya kwana. Tun lomar farko na ji, namansa ya saki. Wanda ya sayar miki ya ga baƙuwar fuska ne ya miƙo na jiya, kuma na san ko wane ne, zan same shi. Nan gaba ki dubi idon kifi, in ya yi fari ya lotsa ki bar shi. Ki ɗaga murfin nan na gefen kansa, in cikin ja ne jawur na yau ne, in ya yi duhu ki ajiye. Ki danna jikinsa da yatsa, in wurin bai taso ba ki yi gaba. Da na bar ki kin bi ni tun kina ƙarama, da ba a takarda zan koya miki wannan ba.

Ban faɗa a gabanki ba don na ga yadda kika riƙe ƙofar nan kina jira, na ji tsoron in sake bige miki hannu. Kin ga na cinye, har na nemi ƙari, kin kuma ga na juya fuska wajen bango na ce tari ne ya sarƙe ni. Ba tari ba ne. Tun ranar da aka binne mahaifina ba wani na gida da ya taɓa zuwa kasuwa ya sayo abu don ni in ci, sai yau. Ni na hana, ban kuma san ina so ba.

Ki ci abinci, Ummi. Don Allah ki ci abinci.

Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya tsare ki a aji da kasuwa. Ya sa abin da za ki ci ya zama halal mai albarka, Ya haɗa ki da masu auna miki da gaskiya, Ya kare ki daga yunwa da kaɗaici da ciwo. Ya ba ki abin da kika je nema, Ya dawo mana da ke da ƙafarki muna raye. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe wa tsohonki. Mamanki na gaishe ki, ga ta nan tsaye a kaina tana cewa in bar rubutu haka in je in sha maganin cikina.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sule